Komowar Ɗan Wasa Fage Bayan Ɗauri: Nazari A Kan Al'amarin Michael Vick

Gabatarwa

Duk lokacin da alƙali ya yanke wa mai laifi hukuncin ɗauri, yakan ƙayyade masa wa'adi, a san ranar shiga da ranar fita. Abin da alƙali ba ya faɗi shi ne matsayin wannan mutum a cikin jama'a bayan an sallame shi. Idan manomi ne, sai ya saɓi fartanyarsa ya koma gona, babu mai ce masa uffan. Idan maƙeri ne, ya je ya hura wutar maƙerarsa. Amma shi ɗan wasa a bainar jama'a yake yin sana'arsa, kuma ladanta ya wuce kuɗi, ya haɗa da tafi da kirari da ɗaukaka, har yara su riƙa kwaikwayon tafiyarsa. Saboda haka in ya fito yana neman komawa fage sai gardama ta tashi: shin wanda ya cika wa'adinsa ya cancanci a sake yi masa tafi?

Maƙasudin wannan 'yar maƙala shi ne a duba yadda ake sake ba irin wannan ɗan wasa dama, da wanda ke ba da ita, da kuma abin da yake dubawa kafin ya bayar. Za mu ɗauki labarin Michael Vick, ɗan ƙwallon ƙasar Amurka, ya zama ginshiƙin bayani, sannan mu gwada shi da na wasu mutum biyu 'yan ƙasarsu.

Laifin da hukuncinsa

Ƙwallon da Vick ke bugawa ta sha bamban da wadda muka saba gani. Ita wannan da hannu ake riƙe ta, a ruga da ita ko a jefa wa abokin wasa, 'yan ɗaya ɓangaren kuma suna ƙoƙarin kayar da mai riƙe da ita. A kowace ƙungiya akwai mutum guda wanda shi ke tsara hari yana jefa ƙwallo, watau madugun 'yan wasa, kuma matsayin Vick ke nan. A shekarar 2001 ƙungiyar Atlanta Falcons ta ɗauke shi a matsayin zaɓi na farko cikin dukan sababbin 'yan wasan ƙasar, ya zama baƙar fata na farko da ya sami wannan daraja a matsayin madugu. A ƙarshen 2004 suka ƙulla masa yarjejeniyar shekara goma a kan dala miliyan 130.

A watan Afrilu na 2007 'yan sanda suka binciki wani gida nasa a jihar Birjiniya, suka tarar da karnuka fiye da 60 tare da kayayyakin horar da su domin faɗa. Bincike ya nuna cewa shekara da shekaru ana haɗa karnuka faɗa ana caca a kansu, kuma Vick ne ke zuba kuɗin. Da fari ya musanta, har a gaban shugaban hukumar wasan, watau NFL, Roger Goodell. Sai da abokan laifinsa suka amince su ba da shaida a kansa sannan ya amsa laifi a watan Agusta. Cikin abin da ya fito fili akwai cewa an kashe wasu karnuka shida zuwa takwas waɗanda ba su nuna jarunta ba, ta hanyar rataya da nutsarwa a ruwa, kuma da hannunsa a ciki.

Mai yiwuwa mai karatu ya yi mamaki, ya ce a kan kare za a ɗaure mutum irin wannan? To, abu biyu ya kamata a sani. Na farko, a can kare ɗan gida ne, ana zama da shi a ɗaki, azabtar da shi kuwa abu ne da zukatansu ba sa ɗauka. Na biyu, tuhumar da gwamnatin tarayya ta yi masa ta haɗa baki ce wajen gudanar da haramtacciyar harka wadda ta ƙetare iyakokin jihohi, ga kuma caca a ciki. A watan Disamba na 2007 alƙali Henry Hudson ya yanke masa wata 23, ya zarce na abokansa biyu da suka sami wata 18 da wata 21. Dalili kuwa, bayan ya amsa laifi bai faɗi gaskiya duka ba game da kisan karnukan, kuma gwaji ya nuna ya sha wiwi alhali yana kan beli. Kamfanin Nike ya yanke hulɗa da shi, hukumar wasa ta dakatar da shi sai illa ma sha Allahu, a 2008 kuma ya kai kansa kotu ya ce ya karye, bashi ya fi ƙarfin abin da ya mallaka.

Tuba da afuwa da yafewa

Harshenmu ya tanadi kalmomi uku da za su taimaka mana mu warware wannan ƙulli, domin kowace da mai ita. Tuba na mai laifi ne. Afuwa ta mai iko ce, kamar sarki ko gwamna, wanda ke da ikon hukunci ya kuma sassauta. Yafewa kuwa ta wanda aka cuta ce, babu wanda zai yi ta a madadinsa. Yawancin gardamar da ake tafkawa a kan 'yan wasa masu laifi ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan abubuwa uku, har mutum ya ga an yi afuwa ya ɗauka an yafe.

Ta fuskar tuba, Vick ya yi abin da ido zai iya gani. Ya fito daga kurkukun Leavenworth a jihar Kansas a watan Mayu na 2009, ya ƙarasa wata biyu cikin ɗaurin talala a gidansa, yana aikin leburan gini a kan dala 10 kowace awa. Ya haɗa kai da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Humane Society, yana zagaya makarantu da unguwanni yana jan kunnen samari game da faɗan karnuka. A 2011 ya je majalisar dokokin ƙasar ya goyi bayan ƙudurin da zai hukunta masu zuwa kallon faɗan dabbobi, wanda ya zama doka a 2014. Bashin da ke kansa kuma, wajen dala miliyan 17, ya bi tsarin biya sannu a hankali har ya kusan sauke shi duka a 2017. Masu shakka sun ce ai wannan tuban muzuru ne, tun da bai tuba ba sai da aka kama shi, kuma ba shi da wata hanyar komawa ga arziki sai ita. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin babu mai iya tona zuciyar wani. Amma a ganina, muzurun da ya shekara goma sha biyar bai koma akurki ba ya cancanci a sake duba sunan da aka laƙaba masa.

Ta fuskar afuwa, Goodell ne mai ita, kuma bai ba da ita gaba ɗaya ba. A ƙarshen Yuli na 2009 ya dawo da shi bisa sharuɗɗa, aka haɗa shi da dattijo Tony Dungy, tsohon mai horar da 'yan wasa wanda ya saba ziyartar fursunoni, ya zama mai yi masa nasiha, kuma ba a bar shi ya shiga gasa ba sai a mako na uku.

Yafewa ce ta gagara, don waɗanda aka cuta ba su da baki. Shi ya sa dubban mutane suka ɗauki kansu wakilan karnukan nan, kuma har yau wasunsu ba su sauko ba. A ƙarshen 2019, shekara goma cur bayan fitowarsa, da aka naɗa shi cikin kyaftin-kyaftin na girmamawa a wasan taurari na shekara, mutane dubu ɗaruruwa suka sa hannu a takardar koke suna neman a cire shi. Hukumar ba ta cire shi ba.

Mai ƙofa na huɗu

Sai dai akwai wani mai faɗa a ji wanda kalmomin nan uku ba su ambace shi ba, kuma shi ne ainihin mai riƙe da mabuɗi, watau mai ƙungiya. Afuwar hukuma izini ce kurum. Ba ta sa kowa ya ɗauki mutum aiki. Mai ƙungiya kuwa ɗan kasuwa ne, yakan ɗora abu biyu a kan sikeli: amfanin da ɗan wasa zai kawo a fage, da asarar da sunansa zai jawo wajen 'yan kallo da kamfanonin talla. Ƙungiyoyi da dama sun fito sun ce ba sa bukatar Vick. Philadelphia Eagles ce ta ɗauke shi a watan Agusta na 2009 a kan dala miliyan 1.6 a shekarar farko, araha ƙwarai in an tuna farashinsa na da. Yana da shekara 29 a lokacin, ƙafa da hannu duk da sauran ƙarfi. Shekarar farko kusan a benci ya yi ta. A 2010 madugun ƙungiyar ya ji rauni a wasan farko, Vick ya shiga ya yi bajintar da bai taɓa yin irinta ba, har aka ba shi lambar gwarzon da ya farfaɗo a wannan shekara. Shugaba Barack Obama da kansa ya buga wa mai ƙungiyar, Jeffrey Lurie, waya yana yaba masa da ya ba tsohon fursuna dama. A 2011 Nike ta dawo, Eagles kuma ta ba shi sabuwar yarjejeniya ta shekara shida a kan dala miliyan 100.

Abin lura a nan shi ne jerin abubuwan. Tuban ya fara tun 2009, amma kamfanoni ba su gan shi ba sai da ƙwallo ta fara shiga.

Don a tabbatar da haka, mu dubi Ray Rice na ƙungiyar Baltimore Ravens, a cikin wannan wasa dai. A watan Fabrairu na 2014 ya naushi matar da zai aura a cikin na'urar hawa bene ta wani otal har ta suma. Hukumar ta dakatar da shi wasa biyu kacal. Da hoton abin ya bazu a watan Satumba, ƙungiyarsa ta kore shi, hukumar ta mai da dakatarwar ta zama ba iyaka, daga baya mai sasanci ta soke wannan hukunci a watan Nuwamba. Ba a ɗaure shi ba, ya nemi gafara a fili, ya kuma yi ta jawabi yana gargaɗi game da dukan mata. Duk da haka babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa. Lalle munin hoton ya yi tasiri, amma kada a manta cewa wasansa ya riga ya ja baya ƙwarai a 2013. Ga tuba, ga izini, amma babu mai saye.

Mike Tyson kuwa kishiyar wannan ne, kuma shi sananne ne ga duk mai sha'awar dambe. A 1992 kotu a Indiyanafolis ta same shi da laifin yi wa wata yarinya 'yar shekara 18 fyaɗe, aka yanke masa shekara shida, ya yi uku ya fito a watan Maris na 1995. Bai taɓa amsa wannan laifi ba, don haka babu batun tuba a kansa, balle yafewa. Amma wata biyar da fitowarsa ya hau dandali a Las Vegas ya kara da Peter McNeeley, damben bai wuce daƙiƙa 89 ba, aka biya shi dala miliyan 25. A 1996 ya sake ɗaukar kambun duniya a hannun Frank Bruno. Yaushe hukumar dambe ta jihar Nebada ta ƙwace lasisinsa? Sai a 1997, da ya ciji kunnen Evander Holyfield a gaban 'yan kallo, ta kuma ci shi tarar dala miliyan 3. Ashe hukumar wasa ta fi zafi a kan laifin da ya ɓata wasa bisa ga wanda ya ɓata rayuwar wani a wajen fage. Ko wannan lasisi ma an mayar masa a 1998.

Ba ana nufin a ce a rufe wa kowa ƙofa ba ne. Mutumin da ya cika wa'adinsa yana da haƙƙin neman abinci da sana'ar da ya iya, kuma ƙara masa wani hukunci wanda alƙali bai yanke ba shi ma zalunci ne. Abin da ake jawo hankali a kai shi ne, idan mai ƙungiya ya tsaya gaban 'yan jarida yana maganar jin ƙai, ya kamata a tambaye shi ko zai yi wa wanda ƙarfinsa ya ƙare irin wannan jin ƙan. Haka kuma dubban fursunonin da ke fitowa kowace shekara ba su iya jefa ƙwallo ba, babu Dungy mai yi musu nasiha, babu shugaban ƙasa mai buga waya dominsu. Labarin Vick bai faɗi kome game da makomarsu ba.

Shi dai Vick ya yi ritaya a 2017, a watan Disamba na 2024 kuma Jami'ar Norfolk State, kusa da garin haihuwarsa, ta naɗa shi babban mai horar da 'yan ƙwallonta, watau aka damƙa masa tarbiyyar samari. Su ma karnukan ba a bi da su yadda aka saba ba. A da, duk karen faɗa da aka ƙwato kashe shi ake yi, bisa zaton ba zai gyaru ba. A wannan karo kotu ta sa masana su auna halin kowane ɗaya shi kaɗai, aka kuma sa Vick ya biya kusan dala miliyan ɗaya don kula da su. Guda 47 suka tsira, 22 daga cikinsu aka kai su wata mafakar dabbobi a jihar Yuta, da yawa kuma suka ƙare rayuwarsu a gidajen mutane tare da yara. Na ƙarshensu ya mutu a watan Disamba na 2021.