Gani Ya Kori Ji: Yadda A Ke Ɗaukar Hoton Fuskar Kwamfuta

Duk wanda ya zaga ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam da rani, ya ga shinkafa da alkama da tumatir da albasa kore shar a lokacin da sauran ƙasa ta bushe, ya san albarkar da ruwan Tiga ya kawo. An gama gina madatsar Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, sa'an nan a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta ke kula da wannan aiki na ban ruwa. Tun daga nan noman rani ya zama sana'ar da ta ke ciyad da dubban gidaje, ta ke kuma biya wa yara kuɗin makaranta.

To, inda arziki ya shiga, nan lissafi da takardu su ke shiga. A da rasit ne na takarda, mutum ya naɗe ya sa a aljihu ko a ƙarƙashin tabarma. Yanzu kuwa yawancin waɗannan al'amura sun koma cikin kwamfuta. Sakataren ƙungiyar masu amfani da ruwa ya na da lissafinsa a ciki. Ɗalibi ya na rajista a ciki, domin tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Malami ya na cike takardun aikinsa a ciki. Abin da ya bayyana a fuskar kwamfuta kuwa ba ya jiran kowa. Kamar ruwan da a ke sakowa a magudana ne: in manomi bai tare rabonsa ya kai fangalinsa a kan kari ba, sai ya wuce gaba. Saboda haka na ga ya kamata mu da mu ke aikin horad da malamai mu bayyana wa jama'a wata 'yar dabara mai sauƙi, wadda ba ta bukatar ko kwabo, watau ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfutar cinya ta hanyar danna maɓallai biyu ko uku.

ABIN DA YA SA MAGANAR TA KE DA NAUYI

A misali, yaro ya biya kuɗin rajista da kuɗin da ubansa ya samu daga buhun shinkafa. Kwamfuta ta nuna an karɓa, ga lambar shaida ta fito. Kafin a kai ga buga takarda sai sabis ya yanke, ko batir ya ƙare. Kashegari ya je ofis, aka ce ina shaidarka? Ba shi da abin nunawa sai bakinsa. Ma'aikacin ofis kuwa ba shi da ikon aiki da "wallahi na biya", ko da ya yarda da yaron a zuciyarsa. Da a ce an ɗauki hoton fuskar kwamfutar a daidai lokacin da lambar ta fito, da an sami bakin zaren da za a bi a gano kuɗin. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Waɗansu su kan ɗaga wayar hannu su ɗauki hoton gilashin. Wannan ya fi babu, amma sau da yawa sai ka ga haske ya dallare rubutun, ko hannu ya girgiza, lamba 3 ta koma kamar 8. Hoton da kwamfuta ta ɗauka da kanta ya kan fito tas, harafi da harafi, yadda ya ke.

ASALIN MAƁALLIN

A jerin maɓallan sama, wajen hannun dama, kusa da wanda aka rubuta wa Delete, akwai wani da aka rubuta masa PrtSc ko PrtScn. Ma'anar sunan da Turanci ita ce "buga abin da ke fuska". Tsohon maɓalli ne, ya na nan tun a kwamfutar da kamfanin IBM na Amurka ya fitar a shekarar 1981. A wancan zamani in an taɓa shi, rubutun da ke fuskar kwamfuta kai tsaye ya ke zarcewa na'urar buga takarda. Da manhajar Windows ta zo sai aikinsa ya sake: maimakon ya aika wa na'ura, sai ya ɗauki hoton ya riƙe a wata ma'ajiya ta wucin gadi wadda ido ba ya gani. Wannan ne ya sa mutane da yawa su ke danna shi, su ga ba abin da ya motsa, su zaci ya mutu. Da ransa, ya kuwa yi aikinsa, saura a karɓi abin da ya riƙe.

HANYOYI HUƊU A WINDOWS

Ta farko, kuma ita na fi so kowa ya fara haddacewa, ita ce a danne maɓallin Windows, watau mai zanen taga a jerin ƙasa wajen hagu, a riƙe shi, sa'an nan a taɓa PrtSc sau ɗaya. Fuskar kwamfuta za ta ɗan dusashe kamar ƙiftawar ido. Shi ke nan, an ɗauki hoton fuskar gaba ɗaya, an kuma ajiye shi. In ana nemansa sai a buɗe jakar hotuna mai suna Pictures, a ciki akwai wata mai suna Screenshots, a nan ya ke. Wannan hanya ta na aiki tun daga Windows 8 da ta fito a 2012. Alherinta shi ne ba ta bukatar wani aiki a baya, ko da kwamfuta ta mutu nan take hoton ya riga ya zauna.

Ta biyu ita ce taɓa PrtSc shi kaɗai. A nan hoton ya na ma'ajiyar wucin gadi ne kawai. Tilas a buɗe wani wuri, kamar Word ko Paint ko WhatsApp na kwamfuta, a danna Ctrl da V tare, sa'an nan hoton ya fito, a adana shi. A lura, ma'ajiyar nan bisa al'ada abu ɗaya ta ke riƙewa: in aka kwafi wani abu, na farko ya tafi, hakanan in aka kashe kwamfuta. A lura kuma, daga shekarar 2023 an sake wa maɓallin aiki a Windows 11, in aka taɓa shi sai ya buɗe abin yanka hoto, irin wanda za mu ambata a hanya ta huɗu.

Ta uku, Alt da PrtSc tare. Wannan ta na ɗaukar tagar da mutum ya ke aiki a kai ita kaɗai, ta bar sauran abin da ke buɗe a baya. Ita ma sai an bi ta da Ctrl da V.

Ta huɗu, maɓallai uku: Windows da Shift da harafin S. Fuska za ta yi duhu kaɗan, sai mutum ya ja linzami ko yatsa daga wannan kusurwa zuwa waccan ta wurin da ya ke so, ya saki. Iyakar wurin da ya kewaye shi za a ɗauka. In ya fasa sai ya taɓa Esc. Wannan ita ce ta dace da malamin da ya ke son zane ɗaya ko taswira ɗaya daga cikin shafi. Ita ce kuma mafita ga wanda kwamfutarsa ba ta da PrtSc sam.

Akwai wani abu da ke rikita masu kwamfutar cinya. Saboda ƙarancin wuri, kamfanoni su kan ɗora wa maɓalli ɗaya aiki biyu. In ka ga an rubuta PrtSc da ƙananan haruffa, ko da wani launi dabam, ko cikin ɗan akwati a ƙasan wani rubutu, to sai ka haɗa da maɓallin Fn da ke ƙasa wajen hagu kafin ya amsa.

Mai kwamfutar kamfanin Apple kuwa hanyarsa dabam ce. Shift da Command da 3 su ne masu ɗaukar fuska duka. Shift da Command da 4 su ne na zaɓen wuri. Shift da Command da 5, waɗanda aka ƙaro a 2018, su na fito da dukan zaɓin a jere. Hoton ya kan sauka a fuskar kwamfuta ta farko, da kwanan wata da lokaci a cikin sunansa.

YADDA HOTO YA KE ZAMA SHAIDA

Ba kowane hoto ne ya ke da amfani ba. Kafin a danna, a dakata shafin ya gama fitowa, a duba ko ga sunan mai abin, ga lambar shaida, ga adadin kuɗi, ga kwanan wata. In don shaida ne, gara a ɗauki fuskar duka da a yanko wani yanki, domin adireshin shafin ya fito a sama, agogon kwamfuta da kwanan wata kuma su fito a ƙasa wajen dama. In shafin ya fi fuska tsawo, a ɗauki sama, a gangaro, a sake ɗaukar ƙasa.

Bayan haka a sake wa hoton suna. Kwamfuta lamba ko kwanan wata kawai ta ke ba shi, in sun kai ɗari ba mai iya gane na wane ne. Sai a rubuta abin da ya ƙunsa da sunan mai shi da ranar. Kana a yi masa mazauni na biyu, ko a filashi, ko mutum ya aika wa kansa ta imel, ko a buga shi a takarda, don kwamfuta na iya lalacewa ko a sace ta. In kuwa shafin ya ba da damar sauke ainihin rasit ko buga shi, to wannan shi ne gaba. Hoto madogara ce kafin rasit ya zo hannu, ba ya maye gurbinsa.

GARGAƊI BIYU

Na farko ga masu sayad da amfanin gona ne, ko a gona, ko a wajen masu casar shinkafa a Kura, ko a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Yadda ɗaukar hoto ya ke da sauƙi, haka gyara shi ya ke da sauƙi ga mugu. A na iya goge suna a sa wani, a ƙara sifiri a kan adadi, ido bai gane ba. Don haka in wani ya nuna maka hoto ya ce ya turo kuɗi, kada ka bari a ɗora kaya a mota sai ka duba asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Hoton da ka ɗauka da hannunka ya na taimakonka wajen bin sawun haƙƙinka. Wanda aka nuna maka kuwa magana ce tukuna, sai an gaskata ta.

Na biyu maganar amana ce. Hoton fuskar kwamfuta ba ya zaɓe, duk abin da ke buɗe ya ke kwashewa. Sau da yawa mutum ya na son ya nuna abu ɗaya, sai ya aika wa jama'ar WhatsApp har da lambar asusunsa, ko lambar BVN, ko ta NIN, ko sakamakon jarrabawar 'ya'yan mutane. Abin da ya fita kuwa ba ya kirayuwa. A duba hoto sosai kafin a aika, a yanke abin da bai shafi mai karɓa ba. Wanda kuma ya yi aiki a kwamfutar shagon haya, ya kwashe hotunansa ya goge su daga jakar kafin ya tashi.

AIKIN DA KE KAN MALAMAI

'Yan'uwana malamai, wannan darasi bai fi na rabin sa'a ba, kuma rashin kayan aiki ba hujja ba ce. In kwamfuta ɗaya ce a makaranta, a zana allon maɓallai babba a jikin allo, a yi wa Windows da PrtSc da Shift da S da Ctrl da V alama da alli mai launi. Bayan bayani kowane yaro ya fito ya danna da yatsansa, ya nemo hotonsa a jaka, ya sa masa suna. Wanda ya yi sau uku da hannunsa ba zai manta ba. A tabbata 'yan mata sun sami nasu layin, kada a bar su su na kallo daga baya.

Malami shi kansa zai ci moriyar abin. Ranar da ya sami sabis mai kyau ya na iya buɗe taswira, ya ɗauki hoton tafkin Tiga da yadda magudanun ruwa su ka ratso zuwa Kadawa da sauran gonaki, ya zo ya nuna wa yara a aji inda babu intanet, su ga ƙasarsu daga sama, su gane inda ruwan gonar ubansu ya fito. Hakanan in kwamfuta ta fito da wani gargaɗi da Turancin da bai gane ba, maimakon ya biya kuɗin mota zuwa Kano ya na kwatance da baki, sai ya aika wa mai gyara hoton, watakila a warware matsalar ta waya.

Yaron da ya koyi wannan a makaranta shi ne zai zauna kusa da mahaifinsa ranar biyan kuɗin ruwa ko na taki, shi ne kuma zai tsare takardun kansa ranar rajista. Ina roƙon shugabannin makarantu na Bunkure da Kura da kewaye su sa wannan darasi cikin aikin wannan zango, musamman ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare, tun kafin lokacin rajistar jarrabawa ya zo. Allah ya sa wa noma da karatu albarka, amin.