Kafin a hau dandamali: amfanin karanta wasan kwaikwayo a gaban jama'a

Kamar kullum, ga rubutaccen shirinmu na wannan mako saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba. Daga nan Illela nake magana, bakin iyakarmu da Konni.

Watannin baya wani ƙanena a unguwa ya kawo mini wasan kwaikwayo da ya rubuta a littafin makaranta, shafi arba'in da 'yan kai. Labarin wani ɗan kamasho ne da rufe iyaka na watan Agustan 2019 ya karya wa jari. Duk ɗan Illela ya san wannan lokaci, don sai Disambar 2020 aka buɗe mana. Yaron ya ce yana son sayar da babur ɗinsa ya ɗauki fim ya sa a YouTube. Na ce masa, tsaya tukuna, ka taɓa jin wani ya karanta shi da ƙarfi? Ya ce a'a. To wannan shi ne batunmu na yau.

Abin da ake nufi da zaman karatun wasa ba wuya gare shi. Ana raba wa mutane kwafin rubutun, kowa ya ɗauki mutum ɗaya na cikin labarin, su zauna a gaban 'yan kallo su karanta da murya. Ba kayan ado, ba haddacewa, ba kyamara. Mutum ɗaya kuma yana karanta bayanan da ke tsakani, irin su "ya shigo" ko "ta tashi a fusace". Shi marubucin yana gefe da biro, ba ya cewa uffan.

Me ya sa sai an yi haka? Saboda wasan kwaikwayo don kunne aka yi shi. Mai ƙagaggen labari yana iya gane kuskurensa a kan takarda, amma mai wasa sai maganar ta fito daga bakin wani sannan zai san ko tana da rai. Tarihinmu ma ya nuna haka. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo jama'a suka fara jin su kafin a buga su littafi a 1959 da 1960. A ƙetaren iyaka kuwa, su Yazi Dogo sun yi suna a Nijar da wasannin da ake gina su a wurin gwaji, ana faɗa ana gyarawa. Mu nan ma muna da gado, domin Abubakar Tunau, mai Wasan Marafa na 1949, ɗan tsohon lardin Sakkwato ne.

A Amurka akwai cibiyar Eugene O'Neill a jihar Connecticut, wadda tun 1965 take tara sababbin marubuta duk shekara, 'yan wasa su riƙe takarda a hannu su gwada rubutun a gaban mutane. A nan aka karanta wasan August Wilson mai suna Ma Rainey's Black Bottom a 1982, lokacin ba a san shi sosai ba. A 1984 wasan ya hau manyan dandamalin birnin New York. A gida kuma, reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, ya daɗe yana zaman karatu inda marubuci ke karanta aikinsa a yi masa gyara.

Bari in koma kan yaron nan. Mun ari aji ɗaya a wata firamare da yammacin Asabar, muka yi hoton takardu kwafi tara, muka gayyato mutum wajen ashirin. Da gangan na sa aka kira wani dattijo mai sayar da albasa da wani direba mai zuwa Konni, don kada ya zama mu 'yan boko kaɗai muke yabon junanmu.

Wallahi ba a yi minti goma ba matsala ta farko ta fito. Ɗan kamashon da aka ce haifaffen Illela ne sai ga shi yana cewa "me kake so" da "da muka tafi". Dattijon nan ya yi dariya ya ce, "Wanga ba namu ba na. Namu 'mi kaka so' zai ce, 'da munka tahi' zai ce." Yaron ya rubuta da Hausar fim ɗin Kano ba tare da ya lura ba, don ita ya saba ji a talabijin. Sau nawa ya karanta rubutun a ɗakinsa bai gani ba, amma kunnen tsoho ya kama shi nan take.

Ta biyu, akwai wurin da ya tabbata za a yi kuka, inda matar ɗan kamashon ke masa nasiha shafi biyu cur. A nan ne mutane suka fara duba waya. Wata 'yar'uwa da ta karanta matar ta ce numfashinta ya ƙare, kuma ba macen da za ta yi wa mijinta wa'azi haka alhali tukunya ba komai. Ta uku, wani yaron mota da ya sa don cike gurbi, layi biyar kacal, shi ne kowa ya fita yana maimaita maganarsa. Yanzu a sabon rubutun yaron motar ya zama na biyu a labarin, nasihar kuma ta koma layi huɗu.

Ga mai son shirya irin wannan zama, ga abin da muka koya. Kada marubuci ya karanta da kansa, kuma kada ya kare kansa. Idan sai ya yi bayani kafin a gane, to gyaran a takarda yake. A samu mai jagorantar tattaunawa, ya hana tambayar "ya yi kyau?", don kowa zai ce ya yi kyau saboda kunya. A tambayi mutane: a ina hankalinka ya tafi wani wuri? Wa ka fi tausaya wa? Me ba ka gane ba? A duba agogo a san tsawon wasan. A bar mata su karanta matan labarin, a yi zaman da rana a wurin da iyaye suka aminta da shi, a kuma sanar da mai unguwa tun da wuri. Sannan marubuci ya bar maganganun su kwana biyu kafin ya taɓa rubutun. Ba kowace shawara ce zai ɗauka ba, amma idan mutum biyar suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin.

Na san abin da wasu za su ce: za a sace mini labari. Tsoron yana da dalili. Sai dai mutum ashirin da suka ji ka ranar kaza ka kawo labarin, su ne shaidunka. A rubuta suna da kwanan wata a kowane kwafi, a karɓe su bayan an tashi. Wanda ya ɓoye nasa a ƙarƙashin katifa, wa zai tsaya masa?

Kuɗin hoton takarda da ruwan leda kawai muka kashe, babur ɗin yaron kuma yana nan yana kabu-kabu da shi. Bayan salla za mu sake zama a kan gyararren rubutun, kuma muna neman wasa na biyu. Idan kana da shi, ko kina da shi, ko shafi goma ne, a turo mana saƙo ta wannan shafi. 'Yan'uwanmu na Konni, har da ku.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Na bar ku lafiya.