Masu Tsarkake Ruwan Narkarwa: Aikin da ke Bayan Ƙwayar Magani

Duk wanda ya taɓa jiƙa sassaƙe a tukunya ya san ruwa ne ke fiddo magani daga cikin itace. Haka abin yake a manyan masana'antun magani na Turai, Amurka da Indiya, sai dai can ruwan rijiya ba ya isa. Suna aiki da wasu ruwaye masu ƙarfi waɗanda Faransanci ke kira solvant. Mu sai mu ce ruwan narkarwa. A cikinsu ake haɗa magani, a wanke shi, sannan a tsame shi a busar. Mai haɗiyar ƙwaya ba ya ganinsu, alhali kuwa, bisa lissafin masanan kamfanin GSK na 2007, su ne kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na nauyin kayan da ke shiga tukunyar haɗawa.

Galibinsu daga man fetur ake samo su, wasunsu kuma guba ne. Biyu daga ciki, NMP da DMF, suna cutar da ɗan tayi, shi ya sa Tarayyar Turai ta ƙuntata aiki da na farko daga 2020, na biyu daga 2023. Masana suka juya ga tsirrai. Ana samun etanol daga rake da masara, ana samun 2-MeTHF daga totuwar masara da ragowar raken da aka matse. A 2014 masanan jami'ar York ta Ingila suka bayyana wani mai suna Cyrene, wanda ake yi da garin katako.

To, amma fitowa daga tsiro ba ta raba abu da wahala. Ruwan da aka yi aiki da shi sau ɗaya ya gurɓata. Ko a ƙone shi, ko a tsarkake shi a sake aiki da shi, kuma nan ne binciken yake. Tsohuwar dabara ita ce a tafasa shi, tururi ya tashi, a sanyaya shi ya koma ruwa, datti ya zauna a ƙasa. Kowane ruwa da halinsa. Etanol, komi tafasawa, ba ya wuce tsarkin kashi 96 cikin 100. Ɗaya daga cikin hanyoyin raba shi da ragowar ruwan ita ce a bi da shi ta cikin wani dutse mai ƙananan ƙofofi da ake kira zeyolit. Shi Cyrene sai zafi ya haura digiri 220 yake tafasa, har makamashin da za a ƙone ya iya cinye ribar. 2-MeTHF kuwa, in ya daɗe yana shan iska, yakan tara wani sinadari mai fashewa. Domin haka Andrew Livingston da abokan aikinsa a Imperial College ta Landan suka duƙufa wajen ƙera wata irin rariya mai taushin ido, mai tace ruwan ba tare da wuta ba.

Ribar ba ƙarama ba ce. Lokacin da kamfanin Pfizer ya sake hanyar haɗa sertraline, maganin ciwon damuwa, ya musanya ruwaye huɗu da etanol kaɗai. Abin da ake buƙata ga tan ɗaya na magani ya sauko daga galan 60,000 zuwa 6,000, gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2002.

Kuskure ma ba ƙarami ba ne. A 2018 aka janye valsartan, maganin hawan jini, daga kasuwannin ƙasashe da yawa, don an sami NDMA a cikinsa, sinadarin da ake zargi da kawo ciwon daji. Tushen matsalar canjin hanyar haɗawa ne a wata masana'anta ta ƙasar Sin. Amma bincike ya ƙara nuna cewa ruwan narkarwar da ba a tsarkake da kyau ba yana iya ɗaukar irin wannan guba daga wannan tukunya zuwa waccan. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi wani kamfanin Indiya mai sana'ar tsarkakewa a kan haka. Iyakar NDMA da ta yarda mutum ya sha a yini nanogram 96 ce, nanogram ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan dubu na gram.

Matashin da ke sha'awar wannan fanni zai fara da ilimin sinadarai ko injiniyancin masana'antu. A tsarin Faransa, shekara uku ce ta lisans, biyu ta masta, uku ta dakta. Daga nan wani ya zauna jami'a yana ƙirƙiro sabon ruwa ko sabuwar rariya, wani ya shiga masana'anta yana tsara tukwanen tafasawa. Na ukunsu shi ne mai awo, kuma a ganinmu shi ya fi ɗaukar nauyi, ko da yake ba a cika jin sunansa ba. Yakan ɗebi ɗigo daga kowane tankin da aka tsarkake, ya saka a na'urar rarrabe sinadarai, ya karanta sakamako. In bai sa hannu ba, ruwan ba ya komawa tukunya.