Jirgin Bama-bamai Da Ya Zama Gidan Kifaye A Bahar Maliya

 Yau ruwa za mu shiga, don haka wanda bai iya iyo ba ya riƙe rigar na kusa da shi.

Labarinmu yana Sudan ne, a gaɓar Bahar Maliya, kusa da birnin Port Sudan. Yankin nan ba baƙo ba ne a wajen Bahaushe. A da ta nan alhazan da ke tafiya Makka ta ƙasa suke tsallakawa zuwa Jidda, kuma har gobe akwai Hausawa zaune a garin. To a ruwan da ke gaban garin akwai wani katafaren jirgi kwance sama da shekara 80. Sunansa Umbria.

Jirgin na Italiya ne, tsawonsa kusan mita 150. A watan Mayun 1940 ya taso daga Italiya zai nufi Eritiriya, wadda a lokacin take hannun Italiyawa. Kayan da ke cikinsa fa? Bama-bamai kusan 360,000, ga buhunan siminti, ga motoci ƙirar Fiat. Da ya iso kusa da Port Sudan sai sojojin ruwan Ingila suka tsare shi da sunan bincike, don sun san Italiya na dab da shiga yaƙi a ɓangaren Hitila.

Ranar 10 ga Yunin 1940, kyaftin ɗin jirgin, Lorenzo Muiesan, ya ji a rediyo cewa ƙasarsa ta shiga yaƙin. Ya san idan Ingilishi suka ankara, bama-baman nan sun zama nasu. Sai ya ce yana so mutanensa su yi atisayen ceto, kowa ya sauka cikin ƙananan kwale-kwale. Ashe ya riga ya sa an buɗe wa ruwa hanya ta ƙasa. Kafin a farga jirgi ya fara nutsewa. Aka kama su fursunonin yaƙi, amma kaya sun tafi ƙasan ruwa, kuma suna nan har yau.

To ya aka yi ƙarfe ya zama gidan kifi? Murjani dai ba dutse ba ne, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu rai. 'Ya'yansu suna yawo cikin ruwa suna neman abu mai tauri da za su manne, kuma suna son wurin da hasken rana ke kaiwa. Umbria ya ba su duka biyun, saboda ya kwanta ne a gefensa na hagu a wurin da ba shi da zurfi sosai. Murjani ya lulluɓe shi, ƙananan kifaye suka samu maɓoya, manya suka biyo su neman abinci. Tun a 1949 wani masanin teku ɗan Ostiriya, Hans Hass, ya nutsa ya ɗauki hotunansa.

Hanya biyu ake bi a gan shi. Ta farko mai sauƙi ce: ka sa gilashin ido, ka kama bututun numfashi da baki, ka sa takalmin roba mai kama da ƙafar agwagwa, ka kwanta rub da ciki a saman ruwa kana kallon ƙasa. Tunda saman jirgin bai wuce zurfin mita 5 ba, za ka gan shi sarai.

Ta biyu ita ce nutso da tukunyar iska a baya, wato sikuba. Da yawa suna zaton oksijin zalla ne a tukunyar. A'a, iskar da muke shaƙa ce aka matse. Kuma a nan wasa yake ƙarewa. Duk mita 10 da ka sauka, nauyin da ke danne jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Shi ya sa dokar farko ita ce kada ka riƙe numfashi. Idan ka cika huhu a ƙasa ka taso ba ka fitar ba, iskar za ta kumbura, tana iya yaga huhun.

Doka ta biyu, kada ka taso da gaggawa. Ka san yadda kwalbar lemo take kumfa idan ka girgiza ta ka buɗe farat ɗaya? Haka iskar naitirojin take yi a jinin wanda ya yi saurin tasowa, kuma tana iya shanye jiki ko ta kashe mutum. Takardar shaidar farko ta masu nutso mita 18 kawai ta yarje maka, ƙasan Umbria kuwa ya kai wajen mita 38. Shiga cikin ɗakunan jirgin ma sai mai horo na musamman, don ƙafa ɗaya ta tayar da laka ta isa ta ɓatar maka da ƙofar fita.

Doka ta uku, ido kawai, ban da hannu. Murjanin da ka karya cikin daƙiƙa ɗaya shekaru ya ɗauka yana girma. Balle bam, wanda tsufa ba ya mai da shi abin wasa.

Abin takaicin shi ne, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya kusan tsayar da zuwan masu nutso, masu jiragen da ke kai baƙi suka rasa kasuwa. Yaƙi ne ya kai jirgin ƙasan ruwa, yaƙi ne kuma yanzu ya hana a je ganinsa. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya.

To ku faɗa mana gaskiya, da za a kai ku wajen, za ku tsaya a sama da bututu ne, ko za ku goya tukunya ku sauka?