Wakilin Suna a Zancen Romeo da Juliet

Wasan kwaikwayon *Romeo da Juliet* na William Shakespeare, wanda aka fara bugawa a 1597, yana ɗauke da wata alama ta nahawu da kan kuɓuce wa mai karatu na yau. Ingilishin wancan zamani yana da wakilan suna biyu na mutum na biyu tilo: *thou* na kusanci, da *you* na girmamawa ko nesantawa. Ɗalibin da ya tashi a Madawa, Buza ko Keita ya san irin wannan rabo daga *tu* da *vous* na Faransancin makaranta, kuma a gida ya ji ana ce wa babba "ku".

Da wannan ma'auni ake bin sawun soyayyar. A haɗuwarsu ta farko, wurin walimar gidan Capulet, masoyan sun raba layuka 14 na waƙa guda a tsakaninsu. Romeo ya kai ga *thou*, ita kuwa Juliet, wadda ba ta cika shekara 14 ba, ta tsaya kan *you*. Sai a kashi na biyu, fitowa ta biyu, tana magana ita kaɗai cikin dare ba ta san yana saurare ba, ta koma *thou*. Paris kuwa, wanda iyayenta suka zaɓa mata, *you* ya samu daga gare ta har suka rabu.

A wannan fitowa ta dare ne kalmar *wherefore* ke ruɗar masu karatu. Ma'anarta "don me", ko "don mi" a Adaranci, ba "ina" ba. Juliet ba cigiyar Romeo take yi ba. Kukanta shi ne don me ya fito daga gidan Montague, abokan gabar gidansu.

Ga mai fassara zuwa Hausa, nan gizo ke saƙa. "Kai" da "ke" jinsi suke nunawa, ba kusanci ba, kuma budurwa ba ta ce wa saurayi "ku". Dole ya ɗora sauyin a kan kalmomin kira. A farkon haɗuwa ta ce "bawan Allah", cikin dare kuma ta ambaci sunan ƙarara. A al'adar da mace ke sakaya sunan mijinta don alkunya, wannan ambato kaɗai ya isa ya shaida wa mai sauraro cewa ta miƙa zuciyarta.