Ko Kun Sani? Fayil ɗin da taro ke ƙara wa sauri

A tsarin BitTorrent, wanda Ba'amurke Bram Cohen ya ƙirƙiro a 2001, yawan masu sauke fayil sauri yake ƙara masa maimakon cunkoso. Ana yayyanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa, kuma duk kwamfutar da ta samu gunduwa ɗaya, nan take za ta fara miƙa wa wasu tun ba ta gama karɓar sauran ba. Manhajar takan fara farautar gunduwar da ta fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ta ɓace idan mai ita ya kashe kwamfutarsa. Kowace gunduwa da lambar tantance ta. In ta zo a gurɓace, a watsar a nemo wata. Mai rowar turawa kuwa, shi ma sauran kwamfutocin sukan ja masa rai.