'Ya'yan Dara: Halin Irin da Yadda A Ke Gwada Shi

A gaɓar tekun Afirka ta Yamma akwai wani ƙaramin itace mai ƙaya, mai yaɗo, wanda masana tsirrai su ke kira Caesalpinia bonduc. Yarbawa suna wasan ayo da ƙwayoyinsa. Hausawa kuwa 'ya'yan dara su ke ce musu, watau da alama ƙwayar suka fara sani kafin itacen.

Kowane kwanso ƙwaya ɗaya ko biyu ya ke ɗauke da su, ruwan toka, masu santsi. Ɓawon ƙwayar yana da tauri ƙwarai, ruwa ba ya ratsa shi, akwai kuma 'yar iska a ciki. Don haka ta kan yi ta iyo a teku, har igiyar ruwa ta kan kai wasu daga tsibiran Karibiyan zuwa gaɓar Sukotlan.

Amma taurin nan shi ne ya kan ruɗi mai gwaji. In ya shuka iri bai tsiro ba, sai ya zaci matacce ne, alhali kuwa barci ya ke yi. Saboda haka a ɗakin gwaji a kan raba irin kashi biyu, a goge ɓawon kashi ɗaya da zarto, a jiƙa duka, sa'an nan a auna nauyinsu. Wanda aka goge ya kan sha ruwa ya kumbura, ɗayan ko nauyinsa kusan bai sāke ba.

Sauran tambaya ita ce ko da rai. A nan a kan fasa ƙwayar a tsoma ta cikin ruwan tetrazoliyam, dabarar da Georg Lakon ya fitar a Jamus wajen 1942. Mai rai ta kan rine ja, matacciya kuwa ta zauna fara.